Sai An Taɓa Ƙasan Buhu

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ranar da aka shigo mana da wani tsoho a kan kujerar roba, maza biyu na ɗauke da shi, shi kuma ya rungume kwamfuta a cinya da hannu ɗaya. Juma'a ce cikin damina, ranar kasuwar Wudil. Ku sababbin da Injiniya ya ɗauka bana kun ishe ni da tambayar dalilin da ya sa ba a ɗaura faifai a shagon nan sai ya bi ta teburina. To ga shi zan rubuta muku sau ɗaya in huta, wanda ba ɗan sana'a ba ma in ya karanta ya ƙaru.

Sunana Talatu. Shekara ashirin na yi ina awo a kasuwar garin nan, gero da dawa da wake, ban san ko harafin farko na sunana ba. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, matan layinmu suna dariya wai Talatu za ta fito takarar gwamna. Na bar su da dariyarsu. Daga nan na yi kwas na kwamfuta, na zo shagon nan na Sabon Gari na ce a ɗauke ni ko shara ce in riƙa yi ina kallo. Tsarin shagon a lokacin kamar na yanzu ne: Injiniya Bashir shi ne mai shago kuma oga, ƙarƙashinsa masu gyara biyu, sai ni mai gwajin kaya. Duk abin da aka sayo sai na gwada shi, in ya ci jarrabawa in ɗiga masa jan farce a gefe. Wanda ba shi da ɗigon nan ba ya shiga kwamfutar kowa.

Tsohon da aka kawo sunansa Baba Ɗanladi, mutumin Utai. Direban tirela ne da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Kano da Kudu, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Hannun hagu ya mutu, ƙafar tana ja, magana kuma sai ka kasa kunne. 'Yarsa Malama Hauwa ma'aikaciyar jinya ce, ita ta ba ni labarinsa tun zuwanta na farko. Likita ya ce a riƙa motsa masa hannun, shi kuwa ya juya fuska bango ya ce wanda ya riƙe sitiyari shekara talatin ba zai zauna yana matsa ƙwallon roba kamar yaron goye ba. Ana haka wata rana ta ga ɗaliban jami'a suna wani gem na tuƙin manyan motoci, da sitiyari da burki da totur kamar gaske. Ta zo nan muka haɗa mata kwamfuta da tsofaffin kaya, ta kai gida inda suke da sola. Wata uku ke nan Baba yana tuƙi. Ya yi ta dakon kaya a cikin gem ɗin har ya mallaki motarsa, ya yi mata koren fenti irin na wadda ya tuƙa a da, ya raɗa mata suna 'Yar Utai. Ya koma cin abinci, ya koma yi wa jikoki faɗa.

Matsalar da ta kawo su ita ce faifan ajiya. Ga wanda bai sani ba, faifai shi ne rumbun kwamfuta, duk abin da ta sani a nan take ajiye shi. Iri biyu ne. Akwai tsohon yayi mai juyawa, da wata allura a ciki tana karantawa, wannan in ya tsufa sai ya fara ƙas, ƙas, kamar ƙwaro a cikin azara. Akwai kuma SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, ga sauri, shi ya sa masu gem ke sonsa, domin gem kullum cikin ɗibar kaya yake daga rumbu. Na Baba tsohon yayi ne, kuma ya fara ƙas ɗin nan. Mota na cikin tafiya sai komai ya daskare. Faifan da ya kai haka ba ka da tabbas ko kunnawa nawa ta rage masa. Mai yiwuwa goma, mai yiwuwa ɗaya. In ya mutu kuwa, ya tafi da 'Yar Utai da duk hanyar da ta bi.

Malama Hauwa ta ja ni gefe ta ce, "Inna, ranar da ta daskare ta ƙi tashi, kwana biyu bai ce uffan ba. In motar nan ta salwanta, wallahi ba zai sake daga farko ba. Na san ubana."

Na ce, "To me ya sa kuka wahalar da shi? Ai kwamfutar kawai za ku kawo."

Ta ce, "Ya ƙi. Wai direban kirki ba ya barin motarsa a gareji ya tafi gida."

Ɗaya daga cikin mazan da suka ɗauko shi mijinta ne, Alhaji Sabo, dillalin shanu a kara. Mutum ne mai fara'a da son a ga ya kyauta. Bayan an gama gaisawa, an tambayi gida da damina da mai jiki, sai ya zaro kwali daga aljihun babbar riga ya ajiye a gaban Injiniya, yana kallon surukinsa ta gefen ido. SSD ne sabo fil a leda, kwalin na ƙyalli, an rubuta tera biyu, wato giga dubu biyu. Ya ce da kansa ya shiga Kano ya sayo wa Baba, mai sayarwar har rantsuwa ya yi masa, kuma ya samu da arha don sun yi sabo a take.

Injiniya ya jujjuya kwalin ya ce, "Ma sha Allah, Alhaji ka yi ƙoƙari." Ya ɗaura shi a kwamfutar shago, ta nuna tera biyu cif. Ya ce yanzu za a kunna tsohon faifan a juye komai gaba ɗaya, kafin a tafi masallaci an gama.

Na miƙa hannu na ce, "A ba ni shi tukuna."

Injiniya ya matso ya yi ƙasa da murya. "Inna Talatu, wannan ba kayan shago ba ne. Kyautar suruki ce, ga surukin a zaune. Ki rufa mana asiri."

Ni ban iya ƙasa da murya ba, kowa ya sani. Na ce, "Injiniya, kai ne oga, shagonka ne. Amma kai da bakinka ka ce tsohon faifan nan mai yiwuwa juyi ɗaya ya rage masa. Za mu kwashi hatsin mutum mu zuba a buhun da ba mu duba gindinsa ba?"

Alhaji Sabo ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Hajiya, a leda fa yake. Ke ma kin ga kwamfuta ta ce tera biyu. Ko kin fi kwamfuta sani ne?"

Na ce, "Alhaji, in aka kawo maka sa kara, mai shi ya ce shekararsa uku, yarda kake yi ko buɗe bakinsa kake ka duba haƙora? Kwamfuta tambayarsa ta yi, shi kuma ya faɗa mata abin da aka koya masa. Ni buhun gero nawa na gani an ɗinke shi tsaf, sama tsaba, ƙasa tsakuwa da ƙaiƙayi. Tun ina yarinya uwata ta koya mini in tsoma hannu har kafaɗa."

Malama Hauwa ta sunkuyar da kai, don tsakanin miji da uba ba ta da bakin magana. Fuskar Alhaji ta canza, ya fara tattara babbar riga alamar zai ɗauki kayansa. Na ga Injiniya yana hararata, na ce a raina yau ko dai aikina ko motar tsohon nan. Sai muka ji wani gurnani daga kujerar roba. Baba Ɗanladi ne. Da ƙyar kalmomin suke fita, 'yarsa ta durƙusa kusa da bakinsa, amma duk mun ji.

Ya ce, "Sabo. Zauna. Ko sabuwar mota, sai an yi mata lodi an hau tudu." Ya juyo da idonsa gare ni. "'Yar nan, yi mata lodi."

Ga yadda ake gwajin, ku riƙe shi da kyau. Da farko na auna shi a tafin hannu, na ji nauyinsa duk a gefe ɗaya yake, in ka girgiza kuma wani abu na motsi kaɗan. Ban ce komai ba, don hannu ba hujja ba ne. Na ɗaura shi na nemi bayanin lafiyarsa. Kowane SSD na kirki yana da ɗan littafinsa a ciki, yana gaya maka awa nawa ya yi aiki, sau nawa aka kunna shi, zafinsa nawa, kaya nawa aka taɓa zuba masa. Ta nan ake kama tsohon da aka yi wa wanka aka sa a sabon kwali. Wannan kuwa ko lambar shaida ba shi da ita, littafin fayau. Daga nan sai babban gwaji. Akwai manhajar da ke zuba wa faifai kaya masu alama, kamar ka jera buhuna kowanne da lambarsa, in ta gama ta koma ta farko ta kira lamba ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai amsa ba, ya ɓace.

Da farko ya ɗauka da gudu, har Alhaji ya ce, "Kin gani ko?" Minti kaɗan sai gudun ya faɗi, ya koma tafiyar jakin da aka yi wa lodin yashi. SSD na gaske ma yana rage gudu in an daɗe ana zuba masa, amma ba ya komawa rarrafe. Na ga in na jira ya cika sai jibi, don haka na tsayar da shi a giga ɗari da wani abu. Mazan suka tafi masallaci, aka ɗauki Baba ma bayan ya sa na yi masa alƙawarin ba wanda zai taɓa motarsa. Na zauna ni da Malama Hauwa muna kallon layin da ke nuna ci gaban aikin yana tafiya a allon kwamfuta, hadari na haɗuwa ta wajen gada. Ba zan ɓoye muku ba, abu ɗaya nake ta juyawa a raina. In faifan nan ya fito lafiya, na kunyata mutum a gaban surukinsa a banza.

Suna dawowa manhajar ta fara kiran lamba. Kore, kore, kore, har wajen giga sittin. Daga nan allon ya koma ja, kuma bai sake komawa kore ba. Duk abin da aka zuba bayan nan babu shi. Faifan yana karɓa, yana cewa na ajiye, alhali a ƙasa yake zubarwa. Da mun juye kayan Baba a ciki, kwamfuta za ta ce an gama lafiya, mu yi murna, mu cire tsohon, sai an koma Utai a tarar babu mota babu hanya.

Injiniya ya ce, "Inna lillahi." Ya nemi izinin Alhaji, ya ɗauki sukurudireba ya ɓalle murfin. Duk muka leƙa. Fanko ne. A kusurwa ɗaya an manna ɗan memorin waya, wanda bai kai farcen babban yatsana ba, a kan wani ɗan allo. A ɗaya gefen an liƙa notina uku na ƙarfe da gam, don hannu ya ji nauyi. Na tsaya ina kallon notinan nan ina cewa a raina, ashe mai zuba tsakuwa a gindin buhu shi ma ya yi makaranta ya biyo ni nan.

Alhaji Sabo ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Gumi ya keto masa. Dillali ne, a ce an yi masa haka, kuma a gaban uban matarsa. Baba ne ya sake magana. Ya ce a ba shi notinan. Ya jujjuya su a hannun dama, kafaɗarsa ta fara rawa, muka tsorata, ashe dariya yake yi.

Ya ce, "Sabo, ni an taɓa sayar mini da taya. Tsohuwa, an sassaƙa mata sabon zane da wuƙa. A tsakiyar hanya ta fashe mini." Ya tsaya ya huta. "Kai naka a gareji aka kama. Ka fi ni sa'a. Allah ya yi maka albarka."

Alhaji ya durƙusa ya ce, "Amin, Baba." Ya juyo gare ni, murya a sanyaye. "Hajiya, to ke ki zaɓa mana."

Na buɗe durowa na fito da wanda ke da ɗigon jan farce. Giga ɗari biyar ne kacal, kwalinsa ba ya ƙyalli. Alhaji ya ce ai ya yi ƙarami. Na ce kwano cike ya fi buhu mai huji, kuma gem ɗin Baba ko rabinsa ba zai ci ba, SSD kuwa yana son a bar masa wurin numfashi. Na nuna masa abin da ake dubawa. Babban allon cikin kwamfutar Baba, wanda ake jona komai a kansa, tsoho ne, ba shi da gurbin siririn nan mai kama da cingam, don haka sai mai faɗi da ake jonawa da kebul, kada a sayo abin da ba zai shiga ba. Ga lambar shaidarsa a jiki, ta yi daidai da ta kwali, ta yi daidai da wadda kwamfuta ta karanto. Ga takardar garanti, daga mai shagon da in an koma gobe za a same shi a zaune. Kuma wannan ni na cika shi har baki na karanto shi har gindi, bai yi zafi ba, bai zubar da ko ƙwaya ba.

A nan Injiniya ya nuna shi ne oga. Ya ce ba za a juye komai gaba ɗaya ba, kada tsohon faifan ya sare a hanya. Gem ɗin kansa ana iya sake saukewa, abin da ba a iya sakewa shi ne ɗan fayil ɗin da ke riƙe da tarihin Baba, kuma ya san lungun da yake ɓoye. Ni a lokacin ban sani ba, a ranar na koya. Ya yi bismillah ya kunna. Ƙas. Ƙas. Ya shiga kai tsaye, ya ɗauko fayil ɗin, ya ajiye a sabon faifai, ya ajiye kwafi a filashi. Bai kai hoto biyar na waya girma ba. Wata uku na ran mutum, a abin da bai kai hoto biyar ba. Ya koma zai ɗauko sauran tarkace, faifan ya yi ƙas sau biyu, ya yi wani ɗan kuka, ya yi shiru. Ba a sake jin motsinsa ba har yau, yana nan a saman kanta in kuna son gani.

Aka sauke gem, aka mayar da fayil, aka ɗaure sitiyari a teburina, aka matso da kujerar Baba. Ruwa ya sauko, mutanen da suka fake a baranda suka cika ƙofa. Da, sai a dafa shayi kafin gem ɗin ya buɗe. Yanzu kafin Malama Hauwa ta gyara masa hula, ga 'Yar Utai a tsaye, koriya shar.

Baba bai yi ihu ba. Ya karanta addu'ar hawa abin hawa, ya duba madubin dama, ya duba na hagu, ya tayar. Na taɓa ganin ɗalibai suna gem ɗin nan, suna kwasar gudu suna ture motocin mutane suna dariya. Ban taɓa sanin tuƙi abin kallo ba ne sai ranar. Tsohon da ba ya iya riƙe kofi ya fito da tirela daga tasha da ribas, bai taɓa ko bokiti ba. Ya hau titi, ya ba kowa haƙƙinsa. Da ya iso wata doguwar kwana a gangare, hannu ɗaya bai isa ba, sai na ga kafaɗar hagu ta ɗaga, hannun nan da ke kwance a cinya kamar tsumma ya taso a hankali, yana rawa, ya sauka a kan sitiyari. Yatsu biyu suka kama. Malama Hauwa ta toshe bakinta da mayafi. A gida, ta ce mini daga baya, yakan kai hannun, amma in motar ta daskare sai ya sake shi. Ranar ba ta daskare ba, ya riƙe har ƙarshen kwanar.

Ana kiran la'asar sai ya kunna sigina. Wani daga ƙofa ya ce, "Baba ai dannawa ake yi ya tsaya, ba sai ka yi fakin ba." Bai ko kalle shi ba. Ya ci gaba har ya sami wurin da ya dace, ya sauka daga kwalta, ya daidaita ta, ya ja burkin hannu, ya kashe inji. Sannan ya ce a kawo masa buta.

Abin da ranar ta koya mini ke nan, ku kuma nake so ta koya muku. A sana'ar nan za a kawo muku kaya a leda, da rantsuwa, da kunyar wanda ya kawo, wani lokaci ogan ma ya ce a wuce. Ku girmama kowa, amma ku gwada. Ba ku san abin da mai kaya ya ajiye a ciki ba. Mu muna ganin fayil, shi kuwa mai yiwuwa dalilin tashinsa da safe ke nan. Tun ranar Injiniya ya kafa doka, ko daga ina faifai ya fito, ko waye ya kawo shi, sai ya bi ta teburina.

Baba Ɗanladi yana nan a Utai yana tuƙi, yanzu da hannun hagu yake kunna sigina. Alhaji Sabo kuwa duk Juma'a in ya taso daga kara sai ya leƙo ya ce, "Hajiya mai duba haƙora, an kama wani?" Notinan nan uku da kuke gani a teburina, Baba ne ya bar mini su. Kada wanda ya ɗauka ya ɗaure wani abu da su.